Jinka da Lantarki: Yadda Wani Ƙauyen Ailan Ya Koma Masaukin Baƙi

A shekarar 1967 mutanen Glencolumbkille, wani ƙauye da ke ƙuryar arewa maso yammacin Ailan, suka yi gayya suka gina ƙananan gidaje uku na dutse. Suka yi musu rufin jinka, suka ɗaure jinkar da igiyoyi a jikin turakun da ke cikin bango, kamar yadda kakanninsu suka saba yi don kada iskar teku ta yaye ta. Cikin kimanin wata uku aka gama. Ba don wani ya kwana a ciki aka yi ginin ba. An shirya gida ɗaya yadda gidan manomi yake a shekarun 1700, na biyu yadda yake a shekarun 1800, na uku kuma na farkon shekarun 1900. Aka zuba musu tukwane da gadaje da fitilu da kayan kaɗi irin waɗanda mutanen yankin suka yi amfani da su, sannan aka buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido.

Abin da ya sa aikin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne waɗanda suka yi shi. Su ne dai mutanen da suka shafe shekara goma sha biyar suna faɗi-tashin fita daga irin waɗannan gidaje, suna neman wutar lantarki da ruwan famfo da hanyar kwalta. A idonsu jinka alamar rashi ce, abin da mutum ke fatan 'ya'yansa su tsallake. Yadda aka yi abin kunyar jiya ya zama abin nuna wa baƙo shi ne, a taƙaice, tarihin yawon buɗe ido na karkarar Ailan, kuma ba kasafai ake ganinsa a fili kamar a wannan kwari ba.

Glencolumbkille yana gundumar Donegal, a ƙarshen wata hanya da ke ratsa tuddai da fadamu har ta tuƙe a bakin Tekun Atilantika. Daga Dublin, babban birnin ƙasar, tafiyar awa huɗu ce a mota ko fiye. Sunan wurin a harshen Ailan, Gleann Cholm Cille, yana nufin kwarin Colm Cille, wato waliyyin Kirista da aka haifa a Donegal a shekarar 521, wanda ya ƙetara tsibirin Iona a 563 ya kafa gidan ibadar da ya yi tasiri ƙwarai wajen yaɗa Kiristanci a Sikotlan, ya rasu a 597. Har yau, ranar 9 ga Yuni, mutanen kwarin suna yin wani tattakin ibada da suke kira Turas, suna zagaya zango 15 da aka kafa a gonaki da kan tuddai. Da yawa daga zangunan duwatsu ne a tsaye masu zanen gicciye da suka haura shekara dubu. A da babu takalmi ake yin tattakin. Amma kwarin ya girmi waliyyin nesa ba kusa ba. A Malin More da Farranmacbride akwai kaburburan manyan duwatsu na manoman da suka zauna a nan kimanin shekara 5,000 da suka wuce, kuma zangon farko na Turas ɗin kansa a kan ɗaya daga irin waɗannan tsofaffin kaburbura yake. A kan tudun da ke kallon teku akwai hasumiyar tsaro da Birtaniya ta gina a farkon shekarun 1800 saboda fargabar mamayar Napoleon.

Duk waɗannan suna nan tun fil'azal, kuma ba su taɓa ciyar da kowa ba. Abin da ke ciyar da mutane shi ne dankalin turawa a 'yan gonaki marasa ƙarfi, da tumaki a kan tudu, da kamun kifi a ƙananan kwale-kwale, da saƙar ulu. Makamashinsu baƙar ƙasar fadama ce da ake yankowa a shanya ta bushe ta kama wuta kamar gawayi. Da cuta ta faɗa wa dankali a 1845, aka shiga Babbar Yunwa wadda ta ja har zuwa 1852. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu a faɗin tsibirin, wasu miliyan ɗaya suka yi ƙaura, daga al'ummar da a 1841 ta haura miliyan 8. Yunwar ta wuce, ƙaurar ba ta tsaya ba. Donegal tana da mutane kusan 296,000 a 1841. A ƙidayar 1971 saura kimanin 108,000.

Ƙaura a wannan yanki iri biyu ce. Akwai cin rani: samari da 'yanmata na Donegal su ƙetara Sikotlan su yi aikin tonon dankali ko leburanci, su dawo da ɗan abin da suka tara. Akwai kuma tafiyar da ba a dawowa, zuwa Amurka, wadda a karkarar Ailan ake yi wa mai ita zaman bankwana na dare guda mai kama da zaman makoki, domin iyaye sun san da wuya su sake ganinsa. Gona kuwa ɗa ɗaya ke gadonta, shi ma sai ya jira har tsohon ya sakar masa, abin da ya sa aure ke yin jinkiri ƙwarai, wasu ma su tsufa a tuzuranci. Sauran 'ya'ya sai jirgin ruwa, ko aikin coci. Daga irin waɗannan gidaje na karkara ne da yawa daga cikin Fada-fada da Sistocin Ailan da suka koyar a makarantun mishan na Kaduna da Jos suka fito.

Samun mulkin kai a 1922 bai sauya wa Donegal komai ta wannan fuska ba, sai ma ƙarin wata matsala. Raba tsibirin gida biyu ya yanke gundumar daga Derry, birnin da ta dogara da tashar jirgin ruwansa da kasuwarsa, ya bar ta maƙale da sauran ƙasar ta wani siririn zirin ƙasa. Shugabannin sabuwar ƙasar kuwa suna ƙaunar yammacin Ailan a baki. Nan ne harshen asali ya tsira, nan ne ake ganin ainihin al'ummar take. A jawabinsa na rediyo na 17 ga Maris 1943, Éamon de Valera ya siffanta ƙasar da yake mafarki a matsayin karkara mai gidaje masu ɗumi da mutane masu wadatar zuci. Tun 1935 gwamnati ta kafa hukumar tattara adabin baka, kuma ɗaya daga cikin fitattun ma'aikatanta, Seán Ó hEochaidh, masunci ne daga Teelin, maƙwabciyar Glencolumbkille, wanda ya shafe shekaru yana bin tsofaffi yana rubuta tatsuniyoyi da waƙoƙinsu. An adana maganar tsofaffin a Dublin. Jikokinsu kuwa suna Landan da Glasgow da New York. A shekarun 1950 kaɗai mutum fiye da 400,000 suka bar ƙasar, har a 1961 yawan al'ummar Jamhuriyar ya sauka zuwa miliyan 2.8, mafi ƙanƙanta a tarihinta.

A cikin wannan hali ne aka turo Fada James McDyer kwarin a 1951, a matsayin mataimakin limamin cocin Katolika. Ɗan Donegal ne, an haife shi a 1910 kusa da Glenties. Ya yi shekarun Yaƙin Duniya na Biyu yana aiki a Ingila, inda ya ga yadda 'yan ci-ranin Ailan ke rayuwa a ɗakunan haya, daga nan ya yi wasu shekaru a tsibirin Tory. Ya zo da ra'ayin da bai taɓa sauyawa ba: ƙaura ba ƙaddara ba ce, sakamakon rashin aikin yi ne da rashin abin more rayuwa, kuma limamin da ya tsaya ga wa'azi alhali masu sauraronsa na ƙarewa bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Bai fara da baƙi ba, kuma wannan shi ne abin da masu ba da labarin ke yawan tsallakewa. Ya fara da ɗakin taro, wanda aka gina da aikin gayya a 1953, domin matasa su sami inda za su yi rawa da wasan kwaikwayo. Sai lantarki. Hukumar wutar lantarki ta ƙasa ta ƙaddamar da shirin kai wuta karkara a 1946, amma ba ta shiga yanki sai isassun gidaje sun sa hannu cewa za su biya kuɗin wata, kuma manomin da ba ya ganin tsabar kuɗi sai ranar da ya sayar da rago yana da dalilin jan ƙafa. McDyer ya bi gida-gida yana lallashi har aka cika sharaɗin, wuta ta shigo a tsakiyar shekarun 1950. Daga nan aka koma kan ruwan famfo da gyaran hanyoyi. Hanyar ta zama dole, domin a ƙarshen 1959 aka rufe layin dogo da ke zuwa Killybegs, gari mafi kusa da ke da tasha.

Babban burinsa masana'antu ne da noma. A 1962 aka kafa ƙungiyar gama-kai ta Errigal don sarrafa kayan lambu, da goyon bayan Janar Michael Joe Costello, shugaban kamfanin sukari na gwamnati. Aka kafa ƙungiyar mata masu saƙa rigunan sanyi da hannu, daga baya aka ƙara ta inji. Mafi girman shirinsa shi ne ƙananan manoma su haɗe gonakinsu su noma su tare, su sayi injina tare, su raba riba. Jami'an gwamnati a Dublin ba su amince ba, wasu kuma suka ji ƙanshin kwaminisanci a ciki, zargin da ba ƙaramin abu ba ne a Ailan ta wancan zamani, balle a kan limamin coci. Shirin ya mutu a takarda. Kayan lambun ma ba su yi albarka ba: ƙasar ba ta da ƙarfi, iska mai gishiri tana ƙona shuka, kasuwa tana da nisa. Daga baya masana'antar ta koma sarrafa kifi da ƙaguwa, inda ta sami gindin zama.

Yawon buɗe ido ya shigo ne a matsayin ƙafa ɗaya cikin ƙafafu da yawa, ba ma mafi muhimmanci ba. Amma lokacin ya dace. Gwamnati ta fara gane cewa kallon da 'yan waje ke yi wa karkarar Ailan kuɗi ne. Fim ɗin The Quiet Man na 1952, wanda aka ɗauka a ƙauyen Cong, ya cusa wa Amurkawa, musamman jikokin 'yan ƙaura, hoton gidan jinka da koren tudu. Littafin tafiya na marubucin Jamus Heinrich Böll, wanda ya fito a 1957, ya yi wa Jamusawa irin wannan aiki. A 1958 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasa, Bord Fáilte, ta soma gasar tsaftar garuruwa, kuma garin da ya fara lashe ta shi ne Glenties, mahaifar McDyer. Glencolumbkille kansa ya daɗe da 'yan baƙinsa tsiraru masu neman kaɗaici: mawaƙin Ingila Arnold Bax ya yi ta zuwa a farkon ƙarni, mai zanen Amurka Rockwell Kent ya zauna a yankin a 1926, sha'irin Wales Dylan Thomas ya yi wasu makonni a wani keɓaɓɓen gida a Glenlough a 1935. Abin da ya kori 'yan gari shi ne ya jawo waɗannan, wato nisa da shiru da rashin mutane.

Tunanin gidan tarihi na fili ba sabo ba ne. Skansen na birnin Stockholm ya buɗe tun 1891. A Ailan ma akwai wanda ya taso a farkon shekarun 1960 a Bunratty, kusa da filin jirgin sama na Shannon, sa'ad da sababbin jirage masu dogon zango suka daina buƙatar sauka shan mai, hukumar raya yankin ta shiga neman abin da zai tsayar da fasinjoji. Bambancin ya fito nan. A Bunratty hukuma ce ta shirya ƙauye domin baƙo. A Glencolumbkille mutanen da aka haifa a irin gidajen ne suka gina su, su ne suka zaɓi abin da za a nuna, su ne ke tsayawa su yi bayani. Matar da ke nuna wa baƙo yadda ake gasa burodi a tukunyar ƙarfe kan garwashi ba darasi ta haddace ba. Tana iya yin haka da sakin fuska domin da yamma za ta koma gidan da ke da wuta da famfo. Da an gina Ƙauyen Gargajiyar a 1951, kafin lantarki, da ba gidan tarihi zai zama ba. Da baje kolin talaucin masu rai ne, kuma da wuya su yarda su ɗauki dutse ɗaya.

Bayan haka aka gina rukunin gidajen hutu na haya a kan tudu, aka shiga harkar otal, iyalai suka fara ba baƙi ɗaki da karin kumallo a gidajensu. Sai tarihi ya sake yin halinsa. Rikicin Ailan ta Arewa ya ɓarke a 1969, kuma kusan duk hanyar da ta fi sauƙi zuwa Donegal tana ratsa yankin da ake rikicin ko gefensa. Bayan kisan da sojojin Birtaniya suka yi wa masu zanga-zanga a Derry a Janairun 1972 da ƙona ofishin jakadancin Birtaniya a Dublin kwanaki kaɗan bayan haka, baƙi daga Ingila suka ja baya sosai. Kerry da Galway sun ci gaba da samun motocin Amurkawa. Donegal ta jira har yarjejeniyar sulhu ta 1998.

Game da McDyer kansa, adalci shi ne a faɗi duka biyu. Ba don shi ba, da wuya a yi rabin abin da aka yi. Amma waɗanda suka yi nazarin ƙungiyoyinsa daga baya sun lura cewa gama-kan ya fi yawa a suna: shi ke kawo shawara, shi ke zuwa Dublin da Amurka neman kuɗi, shi ke yanke hukunci, kuma a al'ummar da ba a saba musu da limami ba, shiru ba ya nufin yarda. Kafin rasuwarsa a 1987 wasu sana'o'in sun durƙushe, wasu sun koma hannun 'yan kasuwa. Ƙauyen Gargajiyar, wanda shi ne mafi arha a cikinsu kuma wanda aka fi ɗauka da wasa, ya ci gaba a hannun al'umma, har aka ƙara masa makarantar ƙauye da gidan masunci da shago.

Mataki na gaba ba daga gare shi ya fito ba, kuma mai yiwuwa shi ne mafi hikima. Kwarin yana cikin yankunan da ake kira Gaeltacht, inda harshen Ailan ya kasance harshen gida. Shekaru aru-aru ana ganin harshen a matsayin tambarin baƙauye, abin da ba ya amfanar mai neman aiki a Boston, har iyaye da kansu suka riƙa tura 'ya'yansu ga Ingilishi. A 1984 Liam Ó Cuinneagáin da Seosamh Watson suka kafa Oideas Gael, cibiyar koyar da manya harshen, wadda ta ƙara da darussan hawan tudu, binciken kayan tarihi, kiɗa da saƙa. Ɗalibai suna zuwa daga ƙasashe da dama. Mary McAleese, shugabar ƙasar daga 1997 zuwa 2011, tana cikin waɗanda suka riƙa zuwa karatu. Akwai kuma makon koyon kiɗan goge irin na Donegal da ake yi a kwarin kowace bazara. Ta fuskar tattalin arziki lissafin a bayyane yake. Wanda ya zo kallon dutse awa ɗaya zai yi, ya sha shayi ya wuce. Wanda ya zo koyon harshe mako guda zai kwana, a gidan wani zai ci abinci, kuma abin da ya zo nema yana bakin mutanen gari, don haka dole ya zauna da su.

A 2014 hukumar yawon buɗe ido ta ƙaddamar da Wild Atlantic Way, hanyar mota mai tsawon kimanin kilomita 2,500 da ke bin gaɓar yamma daga Donegal zuwa Kinsale a gundumar Cork. Ba sabuwar kwalta aka shimfiɗa ba. Alluna aka kafa a kan tsofaffin hanyoyi aka ba su suna ɗaya. Duk da haka tasirin ya yi yawa, musamman ga arewa maso yamma da aka daɗe da mantawa. Gaɓar dutsen Slieve League da ke kusa, mai tsayin kimanin mita 600 daga teku, wato kusan ninki uku na shahararriyar gaɓar Moher, ta zama ɗaya daga manyan zangunan hanyar. Ƙauyen ya koma abin da McDyer bai kai ga gani ba: sansanin da baƙo ke sauka ya riƙa fita kullum, yau kaburburan duwatsu, gobe rairayin Malin Beg, jibi kufan ƙauyen Port.

Sai dai baƙin bazara ne. Daga Yuni zuwa Agusta babu masaka tsinke, da kaka ta wuce kuma wurare da yawa su rufe, aikin da ya rage bai isa ya riƙe mai digiri ba. Yawan mutanen Donegal ya farfaɗo zuwa kimanin 167,000 a ƙidayar 2022, amma mafi yawan ƙarin a Letterkenny da kewayenta yake, ba a kwaruruwan bakin teku ba. Sabuwar matsalar kuma daga nasarar ta fito. Donegal tana cikin gundumomin da suka fi yawan gidajen hutu a ƙasar, gidajen da ke kulle mafi yawan shekara. Mai gida yana samun riba a hayar mako-mako ga baƙi fiye da hayar shekara ga ɗan gari, mai kuɗin Dublin ko Belfast kuma yana iya taya tsohon gida farashin da saurayin da ke aiki a masana'antar kifi ba zai iya ba. Tun bayan dokar Gaeltacht ta 2012, an raba yankunan masu harshen zuwa shiyyoyi 26, kowace da shirinta na raya shi, kudu maso yammacin Donegal na ciki. A tarukan irin waɗannan shiyyoyi, batun da ya fi yawan tasowa a 'yan shekarun nan shi ne inda ma'aurata matasa masu magana da harshen za su sami gidan zama, domin yaransu ne ke cika azuzuwan firamaren da ake koyarwa da shi.